Gwangwalar da Aka Ce Baba Ya Manta

Na Allah ne mu, kuma wurinsa kowa ya nufa. Baba, mahaifin maigidana, ya rasu ranar Talata bayan la'asar, a ɗakinsa mai kallon kogi a nan Gashuwa. Yau kwana goma sha ɗaya. Tun ranar na kasa zama wuri guda. In wanke tukunya in kife, in dawo in sake wanke ta. In ɗauki carbi, in tsinci kaina tsaye a ƙofar baya ina kallon jirginsa. Shi ya sa na ce bari in rubuta, ko hannuna ya samu abin yi.

Yawancin waɗanda suka zo jana'izarsa ta ruwa suka zo. Kafin hantsi kwale-kwale sun cika mashigin bayan gidanmu, har wasu sai sun taka jirgin wani kafin su kai tudu. Wani ɗan'uwanmu da ya zo daga Machina, inda ba su san komai ba sai rairayi, ya ce shi bai taɓa ganin jana'izar da rabin masu sallarta wandunansu a jiƙe suke ba. Tsofaffin abokan aikinsa ne suka ɗauki makara, sanye da rigunan nan nasu masu ruwan lemo da suka koɗe. Babu wanda ya ce su sa. Kowa daga gidansa ya fito da tasa.

A cikin gida mata sun kewaye Inna, uwar maigidana. Akwai wata mata daga tsallaken kogi, doguwa, ba ta da yawan magana. Ta durƙusa ta yi gaisuwa, sannan ta ce, "Da hannunsa ya ciro ni, Inna. Da hannu." Ta koma gefe ta zauna. Ni na kai mata ruwa, ban iya kallon fuskarta ba.

Ranar addu'ar uku, ina ɗauke da tiren kofunan shayi zan miƙa zaure, sai na jiyo muryar Baffa ta bayan katanga. Baffa aminin Baba ne tun ƙuruciya, shi ne kuma shugaban 'yan sintirin ruwa yanzu. Yana cewa, "Wallahi mutumin nan shekara da shekaru muna ruwa tare, ban ga kuskurensa ba sai sau ɗaya. Sau ɗaya tak! Ranar da ya manta gwangwalar tura jirgi. Allah ya jiƙan Malam Ba-gwangwala." Maza suka yi 'yar dariya irin wadda hawaye ke biye da ita, suka ce amin.

Tiren ya kuɓuce mini. Kofuna huɗu suka fashe. Mata suka yi ta cewa sannu, gajiya ce, je ki kwanta. Ba gajiya ba ce. Baba bai manta gwangwala ba. Ni na ɗauke ta. Shekara ashirin da wani abu yana ɗauke da sunan da nawa ne, ga shi har an bi shi da shi kabari.

Wanda bai san garinmu ba, bari in gaya masa su wane ne 'yan sintirin ruwa. Mutane na ce musu sojan ruwa, amma ba sojoji ba ne, ba su da albashi, ba su da bariki. Masunta ne da manoman shinkafa. Inna ta ce abin ya fara ne wata shekara da ruwa ya yi yawa, tun maigidana yana goye. Kogi ya haura ya shiga unguwanni, kowa ya ɗauki jirginsa ya nufi nasa dangin, aka bar tsofaffin da ba su da kowa a kan rufin ɗaki. Da ruwa ya janye Baba ya tara masu jirage a gindin wata tsamiya, ya ce abin kunya ne, kada a sake. Suka raba kogi yanki-yanki, kowane mashigi da mai kula da shi. Daga baya hukuma ta san da zamansu, ta ba su rigunan da ba sa bari mutum ya nutse, da usur guda ɗaya na ƙarfe wanda shugaba ke ratayawa. In ka ji usur sau uku, ka ajiye abin da kake yi, ko loma ce a hannunka.

Aikinsu ya fi ceto yawa. Su ke sare kacala, doguwar ciyawar nan da ke toshe hanyoyin ruwa, su buɗe wa jirage da gonaki hanya. Wani lokaci har Dagona ake kiransu. Su ke ƙetarar da mai naƙuda da ma'aikatan rigakafi idan hanya ta yanke. Su ke kai gawa maƙabartar tudu idan ta ƙauye ta nutse. In makiyayi zai ƙetare da shanu ta inda masunta suka kafa taru, su ke shiga tsakani kafin a zare sanda. A shekarun da hankali ya tashi a ƙasar nan aka ce su riƙa lura da masu ƙetarawa, suka yi. Har aka kawo maganar a ba su bindigogi. Baba a lokacin ba shi ne shugaba ba, amma ya miƙe ya ce, "Hannu biyu gare ni, dukansu na gwangwala ne. Da wanne zan riƙe ta?" Suka yi sati biyu ba sa gaisawa da Baffa a kan wannan. Ranar da suka shirya, Baffa ne ya aiko da kifi banda, Baba ya ce a mayar masa, wai gishiri ya yi yawa. Da yamma sai ga su a tabarma ɗaya suna cinye shi.

Dokokinsu uku ne, kuma Baba ne ya kafa su. Jirgin sintiri goshinsa na kallon ruwa, ba tudu ba. Igiyarsa ɗaurin zarge ce, wadda hannu ɗaya ke kwancewa. Gwangwala kuma, doguwar sandar da ake tura jirgi da ita, ba ta kwana ko wuni a wajen jirgi. Wanda aka busa usur aka tarar jirginsa ba gwangwala, ya sauka daga duk matsayin da yake kai. Baba yana yawan cewa, "Wanda ya faɗa ruwa ba zai jira ka je gida ka dawo ba."

Ko a tudu haka yake rayuwa. Takalmansa kullum suna kallon ƙofa. Ba ya cin tuwo ya ƙoshi da damina, wai cikakken ciki ba ya iyo. In yana alwala ya ji yara sun yi ihun wasa a bakin kogi, sai ka ga ya daskare da buta a hannu har sai ya ji dariya ta biyo baya. Da Inna Badanci suke yi in ba sa so in ji, ya manta cewa shekaru sun koya mini. Ni kuwa tun ranar da aka kawo ni daga Nguru ya sa mini 'Yar-tudu, don ya ga yadda na ƙanƙame ƙofa da na hango kogi. Har ya rasu bai kira ni da wani suna ba.

Ina wata huɗu a gidan abin ya faru. Na gama sakandare, ina ganin na san duniya, amma a gidanmu na Nguru babu mai jirgi, babu wanda ya taɓa gaya mini cewa sanda na iya zama amana. An yi kwana biyar ana ruwa, kaya duk sun yi wari. Ran nan rana ta fito da hantsi, na yi wanki tuli, har da babbar rigar Baba ta Juma'a, don in burge. Sandar da ke tokare igiyar shanya ta karye. Na leƙa ƙofar baya, sai ga sanda doguwa, santala, a kwance cikin jirgi ba mai amfani da ita. Na ce yanzu zan mayar. Na jawo ta, na gitta ta tsakanin katanga da rumfa, na shanya kaya a kai, har ina jin daɗin dabarata.

Ranar kasuwa ce. Ban daɗe da shiga ɗaki ba na ji ihu daga ruwa, sannan usur sau uku, daga bakin Baba da kansa. Jirgin da ya ɗauko mata daga tsallake ya kife a tsakiyar kacala. Na ga Baba ya ratsa tsakar gida a guje, ya fice ta ƙofar baya, ya fizge igiya, ya miƙa hannu inda gwangwala take. Na ga bayansa lokacin da hannun ya taɓa katako. Ya waiwayo sau ɗaya. Idonsa ya sauka a kan rigarsa tana ɗiga a jikin gwangwalarsa, ya sauka a kaina. Tsakaninmu akwai katanga da tulin jiƙaƙƙun kaya, can kuma ana ihu. Bai dawo ba. Ya tura jirgin ya faɗa ciki.

A cikin kacala filafilin tuƙi ba ya aiki, ciyawa ke riƙe shi. Da hannu ya riƙa damƙar kacala yana jan jirgin, damƙa bayan damƙa, ganyen na yanka masa tafi. Ni kuwa na tsaya kamar an dasa ni. Kafin in watsar da kayan in jawo sandar, ya yi nisan da ko na jefa ba za ta kai ba.

An ciro kowa da rai. Sauran 'yan sintiri sun iso daga nasu mashigan. Amma mashiginmu ne mafi kusa, kuma Baba ne ya kamata ya fara isa. Matar da ya ciro a ƙarshe ta daɗe a ruwa, ta sha da yawa, tana da tsohon ciki. Ta rayu. Cikin bai rayu ba. Ita ce doguwar matar da na kasa kallo ranar gaisuwa.

Da la'asar 'yan sintiri suka taru a gindin tsamiya. Maigidana yana wurin, shi ya ba ni labari, bai san wa yake ba wa ba. Baffa ya ce, "Ina gwangwalarka take?" Baba ya ce, "Na manta ta a gida." Wasu suka ce a yi haƙuri, ai shi ya kafa abin. Ya ce don shi ya kafa ne ma ba za a yi haƙuri ba. Ya cire usur da hannayen da aka naɗe da tsumma, ya rataya wa Baffa. Daga ranar bai sake zama shugaba ba. Sau nawa suka roƙe shi ya karɓa, ya ƙi. Ya ci gaba da fita a matsayin ɗan sintiri kamar kowa, waɗanda ya koya wa riƙon gwangwala suna ba shi umarni, har ƙarfinsa ya ƙare.

Washegari na same shi a rumfa, Inna na shafa masa man kaɗanya a tafi. Ya ce mata ta ba mu wuri. Na durƙusa ina kuka.

Ya ce, "'Yar-tudu, rigata ta bushe?"

Na ce, "Baba, zan faɗa. Zan gaya wa kowa ni ce."

Ya ce, "Ki gaya wa wa? Ni za su yi mini dariya, su gaji. Ke baƙuwa ce, wata huɗu. In suka ji, ba za ki iya zuwa suna ko biki a garin nan ba, duk jaririn da ya mutu a unguwa sai an waiwaye ki. Kuma laifin wa? Na kawo yarinya gidan ruwa ban zaunar da ita na gaya mata dokar gidan ba. Mantuwa ce na yi, ban yi ƙarya ba."

Na ce, "To abin da ke cikin matar nan fa?"

Ya dubi tafin hannunsa. Sannan ya ce, "Allah kaɗai ya san ko da gwangwala zan riske shi. Ni ban sani ba, ke ma ba ki sani ba. Ki yi ta istigfari, ni ma ina yi. Amma muddin ina numfashi kada in ji maganar nan a bakinki."

Sau ɗaya na karya masa alkawarin yin shirun nan, ko na kusa. Bayan shekaru, ranar sunan ɗiyata ta uku, na ji wani yana ce masa Malam Ba-gwangwala a gaban baƙi, ana shewa. Na yafa mayafi na nufi zaure. Ya hango ni, ya gane. Ya taso ya tare ni a soro, ya ce, "Ina za ki da jego?" Na ce na gaji, Baba. Ranar ce kaɗai ya ɗaga mini murya. Ya ce, "Ke kika gaji? Ni da ake kira ban gaji ba sai ke? Koma ɗaki!" Kwana uku ina gaishe shi yana amsawa da ka. A na huɗu ya aiko mini da gasasshen kifi karfasa, ya ce mai jego ba ta fushi da ciki wayam.

Duk lokacin da na kai masa abinci ina ganin tabon nan a tafinsa, farare, a jere. Yana lura, sai ya juya hannun ya ce miyar ta yi yaji.

To yanzu ba ya numfashi. Abin da ya yi ta kai-komo a raina ke nan tun daga addu'ar uku: alkawarin ya ƙare, amma tsoron bai ƙare ba. Ina da 'ya'ya mata da za su yi aure a garin nan. Ina da miji da ya taɓa dambe da wani a kasuwa a kan wannan sunan.

Ranar addu'ar bakwai da safe na shiga wurin Inna, tana zaune a kan tabarmar takaba. Na fara ba ta labarin gwangwalar, ban kai rabi ba ta ɗaga hannu.

Ta ce, "Wa kike tsammani ya kwashe kayan da kika watsar a ƙasa ya sake ɗauraye su?"

Na ce, "Inna, kin sani?"

Ta ce, "Ni makauniya ce? Ya ce in na faɗa zai tafi Dagona ya bar mini gidan. Shekara ashirin ina jin haushinki ranar kasuwa, in huce ranar Juma'a." Ta share ido da bakin zane. "Tashi ki je ki faɗa. Ni takaba ta ɗaure ni, da na riga ki."

Maigidana na fara gaya wa. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya dube ni kamar yau aka kawo ni, ya ce, "A gabana ake kiran ubana da sunan nan, kina zuba mini tuwo." Na ce haka ne. Ya fita. Can sai ya dawo ya ce, "Baffa na zaure. In za ki faɗa, ki faɗa da bakinki."

Na tsaya daga bayan labule na faɗa duka, har da rigar Juma'a. Sai na ji numfashin Baffa ya canza. Da ya yi magana ba da ni yake ba. Ya ce, "Kai, ɗan banzan tsoho. Ka bar ni ina yi maka dariya har a kan kabarinka." Ya fashe da kuka irin na tsofaffi, marar sauti. Bayan an shafa addu'a ya miƙe a gaban jama'a ya ce sunan nan ya mutu daga yau, wanda ya sake faɗarsa shi da shi ne. Ya ce marigayi bai taɓa barin jirgi ba gwangwala ba. Bai ambace ni ba. Ni nake ambatar kaina a nan, don kada a ce wani tsohon ya sake rufa mini asiri.

Saura mutum ɗaya. Shekaranjiya na ce wa maigidana ya ƙetarar da ni. Tunda na zo garin nan ban taɓa shiga jirgi ba sai ranar. Ya tura mu da gwangwalar Baba, da jirgin ya yi tangaɗi ya ce, "Riƙe gefe."

Na tarar da ita tana sussukar shinkafa. Na gaya mata a tsaye, don na san in na zauna ba zan iya ba. Ta ajiye taɓarya.

Ta ce, "Namiji ne. Ungozoma ta gaya mini."

Na ce, "Ki yafe mini don Allah."

Ta ce, "Duk shekara in ruwa ya kawo, tsohon nan sai ya zo ya sare kacalar mashiginmu shi kaɗai, kafin ta kowa. Na ɗauka kunyar mantuwarsa ce ke kawo shi. Ashe aikinki yake yi." Ta shiga ɗaki ta kawo mini ruwa a kwanon sha. Na sha. Ta ce, "Yau ba zan iya ce miki komai ba. Ki dawo."

Zan koma. Ban san abin da za ta ce ba, kuma ba ni da ikon gaggauta ta.

Da muka iso gida maigidana ya juya jirgin goshinsa ya kalli ruwa, ya yi ɗaurin zarge, ya miƙo mini gwangwalar ba tare da ya dube ni ba. Ta fi yadda na tuna nauyi. Wurin riƙon ya yi sulɓi, ya lotsa daidai tafin Baba. Na kwantar da ita a inda na ɗauke ta.

Ya Allah, bawanka ya zo maka da tabo a hannu biyu, ka san inda ya samo su. Ka rufa masa asiri kamar yadda ya rufa mini, ka yalwata masa makwanci, ka ƙetarar da shi lafiya ranar da babu jirgi sai rahamarka. Ku kuma da kuka san shi, in za ku ba da labarinsa, ku ba da shi daidai: usur ya yi kuka, Baba ya miƙa hannu, gwangwala ba ta nan, kuma ba shi ya ɗauke ta ba.